A Gaida Min Goggo Adama

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa ba. A gidan suna tambaya, a wajen markaɗe tambaya, har mai keken da ke kai ni asibiti sai da ya juyo ya ce, "Malama Asabe, wai da gaske har Nijar kika je da wannan gwiwar?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin, gobe sai in ji shi a bakin wani an ƙara masa gishiri har ya yi yawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Sunayen mutane na canza su, garin da muka je ma ba zan faɗa ba, kuma wadda abin ya shafa ta yarda in rubuta.

A unguwarmu ta Yindiski muna da ɗan kwamiti da ke shiga tsakani in namiji ya mayar da matarsa jaka. Bulama, mai unguwarmu, shi ne shugaba, da liman, da wata nas, da mu mata biyu da muka ajiye aikin koyarwa. Da muka fara, abin da ya fi ba mu wahala shi ne yadda mace za ta sanar da mu. Wasu mazan in matar za ta yi waya sai sun sa an buɗe sifika suna zaune a gefe. Ni na kawo dabarar, kuma na daɗe ina taƙama da ita. Mu dai ba ma kashe waya sai mun jera gaisuwa, a gaida wane, a gaida wance. Sai na ce duk wadda ke cikin haɗari ta cusa sunan wanda ya rasu a cikin jerin. Miji ba zai kula ba, amma uwa ba ta jin an gaida mamaci ta zauna.

Kulu na cikin waɗanda muka koya wa. Ɗalibata ce tun tana aji uku, ta auri wani dillalin shanu mai suna Sale, mutum mai bakin zuma. Bara ta gudo gida da ido a kumbure. Muka zauna, Sale ya yi kuka da hawaye, ya sa hannu a takarda cewa ba zai sake ba, mu ma muka sa. Ni da bakina na ce mata, "Ki yi haƙuri ki koma, muna nan." Bayan wata biyu ya kwashe ta suka koma wani gari a tsallaken Maigatari, wai can harkarsa ta fi tafiya.

Sai Goggo Adama ta rasu, ƙanwar mahaifin Kulu, wadda ta goya ta. Baffa Idi, wan marigayiyar, ya kira Sale ya gaya masa. Sale ya yi addu'a, ya ce Kulu ba ta jin daɗi, ba za ta iya tafiya ba. Mako biyar bayan haka Kulu ta kira uwarta, suka gaisa sama-sama, da za ta kashe ta ce, "A gaida Baffa, a gaida Malama, a gaida min Goggo Adama." Uwar ta zo gidana ko takalmi babu.

Kwamiti ya rabu biyu. Liman ya ce suɓutar baki ce, wanda ya saba gaida mutum shekara ashirin ba ya dainawa rana ɗaya, kuma in muka dira gidan mutum a ƙasar da ba tamu ba a kan kuskure, sai ya karɓe wayar ma gaba ɗaya. Maganarsa ba ƙarya ba ce. Amma ni na kasa cin abinci. Na ce ni na koya mata, in ta kira ba mu je ba, mun yi mata ƙarya ke nan. Aka ƙare a kan in tafi da Baffa Idi, tunda shi ba wanda zai hana shi ganin 'yar ɗan'uwansa. Muka shirya mu kwana a Maigatari ranar Laraba, mu tsallaka Alhamis da safe lokacin Sale na kasuwar shanu.

Baffa Idi mutumin kirki ne, sai dai kunnensa ya yi nauyi, kuma a zatonsa kowa haka yake. Tun a tashar Potiskum na ja masa kunne, na ce ko wa ya tambaya, Gumel za mu gaisuwa. Ya ce ya ji. Na riƙe ƙullin daddawa da kuka da uwar Kulu ta ba ni, muka matsu mu huɗu a bayan ƙaramar mota, gwiwata na tokare da kujerar direba har Azare. Duk shingen da muka tsaya sai gabana ya faɗi, alhali ba wanda ya ce mana komai ban da "Ina zuwa?"

A Haɗeja muka canza mota. Na sayi soyayyen kifi, irin wanda a Potiskum sai dai ka ji labari, amma ban ji ɗanɗanonsa ba saboda abin da ya biyo baya. Wani mutum mai sanda da rawani ya shigo ya zauna kusa da Baffa. Daga jin Hausarmu ya ce, "Mutanen Potiskum ne ko? Ai ni duk wata ina kasuwarku. Ina aka nufa?"

Na yi caraf na ce, "Gumel, gaisuwar rasuwa."

Baffa ya juyo ya daka min tambaya yadda har direba ya waiga. "Gumel kuma, Malama? Ba Nijar muka ce ba, wajen matar Sale?"

Na taka masa ƙafa. Ya ce, "Wayyo, kin taka ni."

Mai rawani ya washe baki. "Sale na Potiskum? Dogo, mai haƙorin Makka? Ai abokina ne! Bari in kira shi ya tarbe ku." Ya zaro waya. Ni dai ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ya kira sau uku ba ta shiga ba, ya ce lambar Sale ta Nijeriya kawai ce da shi, amma ba komai, gobe za su haɗu a kara. Kara dai ita ce kasuwar shanu. Daga nan har Maigatari ban sake yi wa Baffa magana ba, shi kuwa yana ta ba mutumin labarin tsadar dusa.

Mun sauka gidan wata Hajiya mai tuwo a bayan tasha, tana da ɗaki ɗaya na mata fatake, maza kuma rumfa a waje. Mu bakwai muka kwana a ɗakin, da ɗaurin tabarmi da wata akuya da mai ita ta rantse ba za ta bar ta a waje ba. Barci dai ban ce na yi ba. Da asuba Hajiya ta miƙo min koko, ta dube ni ta ce, "Ke ba fatauci kika zo ba. Ɗiya ce?" Na ce e. Ta ce, "To ki sha da zafinsa. Masu irin tafiyarki ba sa samun na rana." Ba ta ƙara tambayata komai ba, kuma har yau ina jin daɗin hakan.

Iyakar da nake ta jin tsoro, ashe sanda ce a gicciye da rumfuna. Mutane na wucewa da awaki da buhuna kamar masu shiga gidan maƙwabta. A ɓangarenmu aka duba aka ce mu wuce. A nasu wani jami'i siriri ya fara yi min Faransanci, da ya ga na saki baki sai ya koma Hausa ya ce in kawo kati. Na lalubo na miƙa. Ya juya shi ya ce, "Hajiya, wannan ai na likita ne."

Na ce, "Wane likita? Nawa ne, ga sunana nan."

Ya ce, "Na likita ne mana."

Har na fara ɗaga murya kafin wata mata a bayana ta raɗa min cewa su asibiti suke ce wa likita. Katin ganin likitan gwiwata na ba shi. Na nemo na ɗan ƙasa na miƙa, kunya kamar in nitse. Ya yi dariya ya ce Allah ya ƙara sauƙi.

Daga nan sai babur, su suna ce masa kabu-kabu. Ku da kuka san Potiskum kun san shekarun da muka yi ba mu hau babur ba saboda dokar da ta hana, ƙafata ta manta yadda ake yi. Hanyar kuwa rairayi ne zalla. Ba mu yi nisa ba babur ya yi ta rawa ya kwantar da mu a hankali, ni gefe, daddawa gefe. Na zauna a ƙasa ina tsince ta ɗaya-ɗaya ina hure yashi, sai na ji hawaye na zubo min. Faɗuwar ba ta yi min zafi ba. Rana nake kallo tana ɗagawa, ina lissafin ko mai rawani ya riga ya ga Sale.

Da hantsi muka shiga garin. A bakin rijiya na tambayi wata mata gidan Sale ɗan Nijeriya. Fuskarta ta canza. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ku 'yan uwanta ne? Kun makara da zuwa. Ku bi nan, inda kuka ga mushe a ƙofa, to nan ne."

Na san ba a ce wa gawar ɗan Adam mushe, amma a wannan lokacin hankalina bai tsaya tantance kalma ba. Na ji "kun makara", na ji "mushe". Baffa na tambayata me ta ce, na ja shi muka bi inda ta nuna. Muka sha kwana, sai ga wani mutum tsaf da shi zaune a kan benci da jan biro yana duba littattafan yara. Ya miƙe ya ce shi ne mushen makarantar garin, maƙwabcin Sale. Malamin makaranta suke ce wa haka. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, ashe da a nan nake, mushe za a riƙa kirana ko matarsa. Na yi dariya har na tsorata shi, don dariyar ba ta lafiya ba ce.

Na yi sallama na shiga. Ba muryar Kulu ce ta amsa ba. A tsakar gida, daidai ƙofar ɗaki, wata tsohuwa ce zaune a kan tabarma da butarta da ƙullin kayanta, tana tsinkar zogale. Ta ƙare min kallo ta ce, "Daga wajen miji ko daga wajen mata?" Na ce daga wajen mata. Ta ce, "To zauna."

Sunanta Iya Tsahara, kuma ba ta haɗa komai da Kulu ko Sale ba. Ta ce a garin in aka ji kukan mace ya wuce na faɗan miji da mata, tsofaffi ne ke ɗaukar tabarma su je baƙunta. Ɗaya ta yi kwana uku, ta tashi wata ta zo. Ba sa yi wa maigida faɗa, ba sa ce masa komai, gaisuwa kawai. Ba namijin da zai kori sa'ar kakarsa gari na kallo, kuma ba zai ɗaga hannu tana zaune ba. Ita ce ta shida a gidan. Na ba ta labarin namu tsarin, da Bulama da liman da takarda da sa hannu, har da ɗan alfahari. Ta saurara har na gama, ta ce, "Takardar tana kwana a gidan?" Na ce a'a, tana wajen Bulama. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Sai labule ya ɗaga. Kulu ta fito cikin dogon hijabi, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta gan ni, ta ga Baffa da ya shigo bayana, ta saki wata ƙara ta murna ta durƙusa. "Malama! Baffa! Sannunku da hanya!" Ta leƙa bayanmu. "Ba ku zo da Goggo ba? Ƙafar tata ce har yanzu?"

Wannan karon Baffa ya ji sarai. Ya cire hularsa ya zauna a kan turmi.

Ashe ba a gaya mata ba. Sale ya karɓi saƙon ya haɗiye, don kada ta ce za ta gida. Gaisuwar da ta tayar da mu daga Potiskum gaisuwa ce ta gaskiya, ga mai rai ta aika ta. Ni na gaya mata rasuwar, ban san da wane baki ba. Ta yi baya za ta faɗi, na cafko hannunta na dama, sai ta ƙwalla ihun da ba na mutuwa ba. Na ɗaga hijabin. Daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu an ɗaure da karare da tsumma, kuma hannun ya karkace.

Da kukan ya lafa na ce, "Kulu, na koya miki abin da za ki faɗa. Kakanki ya rasu, mahaifinki ya rasu, suna ɗaya kawai za ki ambata. Me ya hana ki?"

Ta ce, "Kullum na ɗauki waya da niyyar nake ɗauka, Malama. Sai in tuna yadda kuka wahala a kaina, kuka yi ta zama, Bulama har ya ce namu ne sulhun da ya fi kowanne kyau. Sai in ji kunyar in ɓata muku aiki."

Ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba. Iya Tsahara ta dama fura ta miƙo min. Tasu ta fi tamu ruwa, nono ya fi gero yawa, kuma ba sa sa sukari. Na kurɓa don kada ta ce na raina.

Abin da nake tsoro ya faru, mai rawani ya isar da saƙo. Azahar ba ta daɗe ba muka ji babur a ƙofa. Sale ya shigo da tsire a takarda da dogon burodin nan nasu, fuska cike da fara'a. "Baffa! Malama! Haba, ai sai ku sanar in aiko da mota." Ya ce Kulu santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya. Yana magana yana kallonta, ita kuma tana kallon ƙasa. Na san in muka tafi muka bar ta, zuwan namu ma laifi ne da za ta biya.

Ban ga lokacin da Iya Tsahara ta aika ba. Sai ga limamin garin ya yi sallama, ga mushe, ga tsofaffi huɗu da tabarminsu, duk wai sun ji an yi rasuwa sun zo ta'aziyya. Gida ya cika. Liman ya yi addu'a, ya tambayi yaushe aka yi rashin. Ni na shirya jawabi tun daga Azare, amma Baffa ya riga ni, da muryar nan tasa da ake ji a bayan gari.

"Yau kwana arba'in da biyu. Ni na kira wannan yaron da kaina ran da aka binne ta. Sale, ƙanwata ta goya yarinyar nan a bayanta. Da za ta cika sunanta take kira. Ka ce min ba ta da lafiya, ashe ko gaya mata ba ka yi ba? Dabba ma in ɗanta ya mutu ana barinta ta shinshina."

Liman ya juya ya dubi Sale. Bakin zumar ya ƙafe, sai "wallahi mantuwa ce" yake maimaitawa. Liman ya ce mantuwa tana da magani, a bar ta ta je ta yi wa danginta gaisuwa. Sale ya duba ya ga idanu sun yi masa yawa, ya ce ya yarda, kwana bakwai. Ya ƙara da cewa rana ta yi, mu kwana, gobe ya kai mu da kansa.

Na kusa amsawa, don gwiwata ta kumbura. Iya Tsahara ta matso kamar za ta gyara min mayafi ta ce a kunnena, "Izinin da aka bayar a gaban mutane ba ya kwana. Ku tashi yanzu." Muka tashi. Kulu ba ta ɗauki komai ba sai kayan jikinta, don kada a ce ba gaisuwa za ta ba. Mushe ya samo mana amalanken shanu saboda hannun ba zai jure babur ba, tsofaffin nan biyar suka rako mu a ƙafa har bayan gari. Duk ƙarar babur da na ji a bayanmu sai na waiga. Mun tsallaka sandar nan ana kiran magariba, kuma sai a lokacin na tuna ko godiya ban yi wa Iya Tsahara ba. Daddawar ma a gidan na baro ta.

Dawowar ba ta da labari. Kulu ta yi barci a kafaɗata tun daga Gumel har Azare.

Kwana bakwai sun wuce tuni. Kulu ta ce ba za ta koma ba, ta faɗa da bakinta a gaban kwamiti, kuma maganar tana gaban alƙali. Sale na kiran Bulama safe da yamma, yana kuka, yana cewa a kawo takarda ya sa hannu. Duk ranar kasuwar shanu sai mun sa an raka ta ko ƙofar gida za ta, don ba mu san ran da zai shigo gari ba. Masu ce min barka da dawowa, ku dai ci gaba da addu'a.

Makon da ya wuce muka kai ta asibiti aka ɗauki hoton hannun. Likita ya ɗaga hoton a jikin taga ya daɗe yana kallo. Ya ce karaya biyu ce. Ta ƙasa sabuwa ce, ta sama kuwa ta daɗe, ta haɗe a karkace, sai an yi aiki. Ya tambaye ta yaushe aka yi ta farkon.

Kulu ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Kwana uku bayan sulhu. Ba mu tashi daga Yindiski ba tukuna. Ƙauye ya kai ni aka ɗora."

Tsakanin gidan da suka zauna da nawa gida huɗu ne. Wata biyun nan kullum ta ƙofar nake bi in za ni kasuwa. Ban taɓa shiga ba, don kada a ce Malama ta cika sa ido. Daga waje nake ɗaga murya in ce, "Kulu, lafiya dai ko?" Ta amsa daga ciki, "Lafiya lau, Malama." Ni kuma in wuce.